Tsakanin Nice da Montpellier: Malam Bukari Illiassou ya tafi

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, 16 ga Oktoba 2025, labari ya iso mu a Lyon cewa Allah Ya karɓi ran Malam Bukari Illiassou a wani asibiti a Nice, a kudancin Faransa, inda ciwon zuciya ya kama shi yana bakin aiki.

Malam, aikinka shi ne tsara wa jiragen sama na kaya hanya: nisan tafiya, yawan mai, inda iska ta dosa. Amma mu abin da muka sani shi ne ranar Juma'a a unguwar Goutte d'Or ta Paris, bayan an sauko daga masallaci, ɗalibai na miƙo maka tikitinsu kana dubawa. Kakan ce, "Nisa ba a sama yake ba, a wurin jira yake." Ɗalibai da yawa daga Damagaram rigar sanyinsu ta farko a hannunka suka gan ta, a filin jirgi.

Ba zan manta da Alasan ba, ma'aikacin masana'anta a Saint-Fons kusa da Lyon. Aka yi masa waya daga Maradi cewa jikin mahaifiyarsa da sauƙi. Ka ce masa, "In mutanenmu sun fara lallashinka, ɗauki jakarka." Ka nema masa kujera a ranar. Ya iske ta da rai, ta sa masa albarka.

Wannan ne ke hana ni sukuni. Da ciwo ya kwantar da kai, ƴarka Najla tana Montpellier tana aikin jinya. Ka ce kada a tayar mata da hankali, dattawan Paris da na Lyon kuma suka bi maganarka, kamar yadda muka gada: na nesa ba a faɗa masa tsananin ciwo. Duk wanda ta kira sai ya kwantar mata da rai. Ita kuwa a La Courneuve, a gefen Paris, aka haife ta, inda likita ke faɗa wa iyali gaskiya a fili. Ta yarda da mu, ta bar zuwa duba ka sai ƙarshen mako.

Nice da Montpellier duk a bakin teku ɗaya suke. Tazararsu ta sama ba ta kai kilomita ɗari uku ba. Kai da ka kai Alasan Maradi a kan lokaci, wannan ɗan nisan ne ya raba ka da ƴarka.

A wurin zaman makoki ba ta yi kuka ba. Ta dubi dattawa ta ce, "Kawunnaina, ni majinyata nake kwana da su. Da kun faɗa mini, ko a mota da na zo." Aka ce mata haƙuri, ajali ne. Ta ce, "Ajalinsa na Allah ne. Bankwanana da shi fa?" Har yau ba ta ɗaga wayar kowa a cikinmu.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa alherin da ka yi wa matafiya ya tare ka a can. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Rahama, matarka, da ɗanku Ilyes, da dangi na Damagaram. Najla kuwa, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin da za mu ce wa ɗan wani, "Taho yau."