Sarkin Ruwa da Koren Tafki

Shaihu Sarkin Ruwa ba ya son a tambaye shi abu sau biyu. Gidansu ne ke sa ranar kamun kifi na gayya a wani tafki da ke bayan Danchadi, kuma kafin ranar ko ƙugiya ba a jefawa. Hannu kawai yake tsomawa, ya ɗanɗana ruwan, ya ce Asabar mai zuwa. Shekara talatin bai taɓa sa mutane sun koma gida hannu wofi ba, bai kuma bari kowa ya manta da haka ba.

Da lambuna suka zagaye tafkin, har da nasa na albasa, sai kifi ya yi ƙiba. Shaihu ya ce albarkar addu'arsa ce. Bayan 'yan shekaru ruwan ya koma kore kamar miyar kuka. Bado ya ɓace, kainuwa ta rufe gaɓa, shanu suka riƙa shinshinawa suna juyawa. Karfasa ta yi wuyar gani, sai tarwaɗa. Ya zargi makiyaya, ya zargi masu wanki, har sadakar masa ya yi. Shiru.

Bana ya fito da sassafe ya tarar da kifaye birjik a saman ruwa, ciki sama. Ya ɗanɗana, harshensa bai gaya masa komai ba. Ranar ya ji tsoro ƙwarai.

Mustapha malamin gona ya zo a babur ya duba. Ya ce, "Baba, taki na. Damina ka wanko shi daga lambunanku. Gansakuka ta ci ta yaɗu, in ta ruɓe sai ta shanye iskar da kihi ka shaƙa."

"Takin da kai da bakinka kac ce mu ƙara ma albasa?"

"Shi, Baba."

"To ruwan ga, mi ad damuwatai? Yunwa ko ciwo?"

"Ƙoshi."

Shaihu ya kwana uku yana juya maganar, ta ƙi zama. In ya buɗe tafkin, za a kwashe ɗan abin da ya rage. In ya hana, ruwan ne zai cinye shi. Albasarsa kuwa ta yi kyau, har haushin kallonta yake ji.

Bayan sallar Juma'a masunta suka tare shi a ƙofar masallaci. Tuni sun gama ɗinkin homa, ragarsu ta kamun kifi.

"Ranka shi daɗe, wace rana?"

Ya gyara hula. Suka jira, sannan wani ya sake tambaya, Shaihu bai ko harare shi ba.

"Ku tambayi malamin gona," in ji shi, ya sunkuya yana neman takalminsa.