Hancin Gwaggo Ya Tafi Hutu

A gidanmu abincin da ya kwana ba ya shiga bakin kowa sai ya bi ta ƙarƙashin hancin Gwaggo. Ƙanwar mahaifinmu ce, amma sunan ya bi ta har 'ya'yan cikinta ma Gwaggo suke ce mata. Ba ta yi karatu mai nisa ba, ba ta taɓa sana'a a waje ba, sarautarta guda ce: sansana tukunya. Takan ɗaga murfi, ta lumshe ido, ta ja numfashi kamar mai shirin nutso, sannan ta yanke hukunci. Ko "ku ci," ko "ku ɗumama," ko kuma "wannan ko kaji kada ku ba su, za su kai ku ƙara lahira." Maƙwabta ma da tukwanensu suke shigowa, su tsaya a ƙofar kicin suna jira kamar a gaban alƙali.

Da babban ɗanta ya sayo firiji, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan da an ɗauke wuta ya tashi daga aiki. Nawa kuwa ba ruwansa da wuta." Wata rana rediyo yana bayanin yadda gurɓataccen abinci ke kwantar da mutane ko'ina a duniya, har yana ɗaukar rayukan yara, ta girgiza kai cike da tausayi. "Allah sarki! Ba su da mai hanci a gida ne."

Sai wata mura ta kama ta. Murar ta yi kwanakinta ta tafi, amma ba ta tafi ita kaɗai ba. Gwaggo ta gane haka ranar da albasa ta ƙone ƙurmus a gabanta, tana zaune tana tsintar shinkafa, sai hayaƙi ne ya gaya wa idonta. Ta lallaɓa ɗaki ta buɗe kwalbar turare, shiru. Ta gwada kananzir, shiru. In babu hancin nan, wa zai ƙara tsayawa a ƙofar kicinta? Tsohuwa ce kawai mai ciwon gwiwa.

Don haka ta rufe bakinta, ta sauya dabara. Tana dai lumshe idon, amma da wutsiyar ido take leƙen fuskar mai tukunyar. In ta ga an yamutsa fuska, ta ce a zubar. In fuska a sake take, ta ce a ci.

Dabarar ta yi aiki a kan kowa ban da mijinta, Baba Tela. Mutum ne da zubar da abinci ke yi masa ciwo kamar cire haƙori, saboda haka ko me ke cikin tukunya, da murmushi yake kawo ta. Da murmushin ya kawo miyar kifin da ta kwana a firiji babu wuta. Gwaggo ta sansana, ta leƙi fuskarsa, ta ce, "Ci abinka." Ya ci har da suɗe kwano. Kafin la'asar ya bar keken ɗinki ya tare a bayi, washegari aka kwantar da shi a asibiti ana ƙara masa ruwa.

Ma'aikaciyar jinya ta ce masa, "Baba, ai wani abincin lafiyayyen ƙamshi yake yi, ya kuma kayar da ƙato. Ƙwayar cuta ba dole ta yi wari ba."

Baba, ido ya faɗa, murya ta shige, ya ce, "'Yar nan, ba ki san matata ba. Ba kifin ba ne. Ita ta duba shi."

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana ta gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

An sallamo shi gida, bai gama murmurewa ba sai ga Auta, ƙaramar 'yarsu, ta zo duba shi da tsohon ciki. Yunwar masu ciki ba ta jira. Ta shige kicin ta tarar da shinkafa da naman jiya a kan tebur, sun wuni cikin zafi. Ta zubo a faranti, ta ɗebo cokali guda, ta miƙa farantin gaban uwar.

"Gwaggo, sa mini hannu a takardar nan, yunwa za ta kashe ni."

Gwaggo ta lumshe ido, ta ja numfashi. Babu komai, kamar ta sansana bango. Ta leƙi fuskar Auta, ta gan ta a sake, miyau har ya tsinke. Sannan ta dubi cikin. Cokalin ya kusa baki.

"Ajiye cokalin nan."

"Ya lalace ne?"

"Ban sani ba."

Auta ta yi dariya. "Ke ce ba ki sani ba?"

"Na ce ban sani ba! Hancin ya mutu. Ko mushe kika kawo mini ba zan ji ba."

"Tun yaushe?"

Gwaggo ta rage murya. "Tun kafin babanki ya kwanta."

Ashe kunnen mara lafiya garau yake. Daga ɗaki Baba Tela ya ɗago murya, "Au! Wato da ni aka yi gwaji? Ina can ina kare ki a gaban 'yar mutane, da allura a hannuna!"

"Kai ma wa ya ce ka riƙa yi wa ruɓaɓɓen kifi murmushi?"

Auta tana riƙe da ciki tana dariya har da hawaye. Gwaggo ta karɓe farantin, ta haɗa da tukunyar ta juye a kwandon shara. Ta wanke hannu da sabulu, ta ɗora sabon ruwa a wuta, ta miƙa wa Auta burodi ta riƙe cikinta da shi.

"A soya mini ƙwai na diyya," in ji Baba.

"Ruwan gishiri da sukari dai," Gwaggo ta ce. "Auta, miƙa masa kofinsa."