Gishirin da Na Ƙara wa Kifayen Ɗan Yayata

Ɗan yayata ya yi shekaru yana aiki a Legas. Da ya dawo Tambuwal ya kama aikin lafiya, sai ya zo da abin da ba a taɓa gani ba a zuriyarmu: akwatin gilashi cike da ruwa, da kifayen teku uku da jatan lande ɗaya a ciki. Ba na ci ba ne. Sau biyu na tambaya don in tabbatar. Mu kifin da muka sani tarwaɗa ce da karfasa, su ma a tukunya muke haɗuwa.

Da aka tura shi ƙauyukan Kebbe aikin riga-kafi na kwana goma, ni ya ba makullin ɗakin. Ya ce, "Kawu, kai kaɗai na san ba za ka manta ba." Gaskiya ya faɗa. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin titi, ya dawo ya taɓa kwaɗon. Shekara ashirin ina masinja a ofis ban taɓa ɓatar da takarda ba, amma kullum sai na zazzage jaka na duba.

Ya nuna mini abincinsu, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka safe da yamma. Ya nuna mini wani zane a jikin gilashin, ya ce in ruwa ya sauka ƙasa da shi in ƙara daga farar jarka. Na rubuta komai a bayan kalanda.

Kwana biyu kawai na san halin kowa. Akwai ɗaya mai launin lemu da fararen ɗamaru, bai fi babban yatsana ba, ya kama kusurwa guda ya ce tasa ce. Ran farko na sa hannu zan goge gilashi, ya taso ya cije ni. Ni da nake da jikoki na yi tsalle har hulata ta faɗi. Na biyu magini ne. Yini yake yana cika baki da yashi daga raminsa, ya ɗauka ya kai ƙofar maƙwabcinsa ya tofar, ya dawo kamar bai yi komai ba. Muna da irinsa a unguwa, mai share ƙofar gidansa ya turo mana sharar. Na uku shuɗi ne, aikinsa kwanciya ta gefe tsakanin duwatsu kamar ya mutu. Da na fara ganinsa haka na yi salati, na soma shirya yadda zan faɗa wa yaron. Ina buɗe gwangwanin abinci ya riga kowa zuwa. Shi kuwa jatan landen wanzaminsu ne, sukan je su tsaya masa ya tsattsage musu jiki, shuɗin har lumshewa yake, in kifi na lumshewa.

Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Ran kwana na uku ruwa ya sauka ƙasa da zanen. Na ɗauko jarkar, da yake ba na yarda da abin da ban duba ba, sai na ɗanɗana. Ruwa ne zalla, ba ko alamar gishiri. Na ɗanɗana na akwatin, gishiri har wuya. Nan na zauna na yi ta tunani. Yaron nan cikin gaggawa ya tafi, lalle mantawa ya yi bai zuba gishirin ba. In na yi ta tuttula musu wannan har kwana goma, ai na mai da musu teku rijiya. Na kira shi a waya, ba ta shiga. Amana ce, ni kuma ba zan cuci kifi ba.

Na je gida na ɗebo gishirin miya, na dama a jarkar, ina damawa ina ɗanɗanawa har ya yi daidai da nasu. Kwana huɗu ina haka, ina jin daɗin kaina da na gano abin da mai digiri ya manta.

Sai magini ya daina gini. Shuɗin ya ƙi fitowa ko da abinci. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na sa yatsa da gangan a kusurwar mai launin lemu, ya dube ni ya kau da kai.

Da rana ina sake ɗibar gishiri matata ta kama ni.

"Malam, mi kaka yi da gishirina? Awaki ka saye ban sani ba?"

Na yi mata bayani dalla-dalla, har da nuni da hannu. Ta saurara har na ƙare.

"In miya ta daɗe bisa wuta ta ƙafe, mi aka ƙara mata?"

"Ruwa."

"Don mi ba a ƙara gishiri?"

"Ai gishirin yana nan, ruwan ne ya..."

Ban ƙarasa ba. Ta ɗauke robar gishirin daga hannuna ta ce, "Shekara talatin kana cin miyata. Da kai ka dafa ta da tuni mun ƙare."

Da la'asar wayar ta shiga. Na faɗa masa duka, ban rage ko ɗiba ɗaya ba. Ya ce, "Kawu, kada ka zuba da yawa lokaci guda. Ka kwashe kofi ɗaya, ka mayar da kofi ɗaya na ruwa zalla, ka jira. A hankali."

Yini biyu na yi a gaban gilashin nan da kofi a hannu, sallah kaɗai ke tashe ni. Ina ba su haƙuri a zuci, wani lokaci ma a baki. Da safiyar rana ta uku na tarar da tulin yashi a ƙofar shuɗin. Na sa yatsa a kusurwa, mai launin lemu ya taso ya cije ni da ƙarfinsa. Na tafi gida ina nuna wa matata wurin, ita ta ce ba ta ga komai ba.

Ɗan yayata ya dawo ya ƙirga su, duka huɗu suna nan. Bai ce mini komai ba sai sannu da ƙoƙari, wanda ya fi faɗa ciwo. Na yi zaton shi ke nan, na zubar da yardar da aka yi mini. Bayan wata biyu tafiya ta sake kama shi, ya zo har gida ya ba ni makullin. Takardar bayanin kula da kifin da ya rubuto wannan karon kuwa, matata ya miƙa wa.