Mas'udu, Bakaniken da Ya Ƙi Juya Tiyo

Kafin masunta su dawo daga duba raga, Malam Mas'udu ya riga ya share gaban rumfarsa da ke bakin tafkin Lagdo, ya jera sifanoni a kan buhu, ya ɗora shayi. Tun jirgi na nesa zai karkata kunne ya ce, "Na Barthélemy ne, ya sake cika wa fetur baƙin mai." Jirgin na isowa sai ka tarar hakan ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan aiki. Bana, da damina ta wuce, zai koma gida Garwa, inda 'yan'uwansa 'yan kasuwa suka daɗe suna yi masa tsiya wai shi kaɗai ne a zuriyarsu ya bar atamfa ya rungumi giris.

Mutum ne mai wuyar sha'ani, wannan kam ba a ɓoyewa. Ba ya taɓa inji a bayan idon mai shi. Ka ajiye ka tafi shan shayi, yadda ka bar shi haka za ka same shi. Sai ka tsuguna ka riƙe masa noti, ka sha faɗa a kan yadda ka wulaƙanta dukiyarka, sannan ka tashi da injin da ke waƙa. Amma shi ne kuma wanda idan jirgi ya mutu a tsakiyar ruwa, ba ya tambayar na wane ne, na Musulmi ko na Kirista, sai dai ka hango shi cikin kwalekwale da jakarsa.

Abin da mutanen bakin ruwa suka fi tunawa shi ne sha'aninsa da Baba Mahamat, tsohon direban da ke ɗauko mata masu bandar kifi daga tsibirai zuwa kasuwa. Inji babba, jirgi cike da kwanduna, sandar tuƙi tana fizgar hannu yini guda, har kafaɗar tsohon ta gaza. 'Ya'yansa suka ce ya huta.

"In huta in zama me?" ya tambayi Mas'udu. "Mai gadin tabarma?"

Mas'udu ya ce akwai dabara, sitiyarin mai. Sitiyari ne kamar na mota, da famfo a bayansa. Tiyo biyu su bi gefen jirgi zuwa wata silinda a jikin inji, sai mai ya riƙa tura injin dama da hagu, kafaɗa ta huta. Ya je Garwa da kansa ya zaɓo kayan, ya kafa, ya sa tsohon yana juyawa shi kuma yana can bayan jirgi yana fitar da iskar da ke cikin tiyo, har kumfa ta daina fita. Da yatsa biyu injin ke juyawa. Baba Mahamat ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba.

Dariyar ba ta kai ko'ina ba. Ranar gwaji, a gaban jama'a, tsohon ya nufi filin ruwa, jirgi ya kutsa cikin ciyawa. Ya ja baya, ya sake, ya daki jirgin wani. Abin nufi, mai sandar inji idan yana son dama, hagu yake turawa. Hannun da ya tsufa a haka ba ya jin magana. Matasa suka kwashe da dariya, tsohon ya fito yana huci.

"Mas'udu, ka juya mini tiyon nan. Na dama ya koma hagu, shi ke nan, hannuna ya samu abin da ya sani."

"Aikin shan ruwa ne, Baba, amma ba zan yi ba."

"Jirginka ne ko nawa?"

"Naka ne. Rayukan da ke ciki ne ba naka ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai wani ya karɓa, ya juya dama jirgi ya yi hagu da mata ashirin, wa zai amsa?"

"Ina tuƙi tun kana rarrafe!"

"Gaskiya ne. Tiyo dai yana nan yadda yake."

Tsohon ya daina gaishe shi. Mata suka fara shiga wasu jirage, 'ya'yansa suka tayar da maganar sayar da jirgin. Abin ya dami Mas'udu ƙwarai, don ya san da hannunsa ya jawo wa dattijo wannan kunya. Wani bakaniken zai ce nasa aikin ya yi kyau, saura ruwan mai jirgi. Kai ba ka ce haka ba, Mas'udu. Kai ne ka riƙa rufe rumfa bayan azahar, masu gyara na gunaguni, ka kwashi jarkoki ka jera su a ruwa can bayan duwatsu inda babu mai kallo, ka je ka zauna cikin jirgin mutumin da ba ya yi maka magana, har ya gaji ya shigo.

Haka suka yi ta zagaya jarkoki. "Inda kake son hancin jirgi ya je, can za ka juya," in ji Mas'udu. Tsohon ya yi ƙorafin ba ya jin ruwa a hannunsa kamar dā. Mas'udu ya ce ya cire takalmi ya ji shi a katako. Sun tattake jarkoki ba adadi, sun yi cacar baki har kifi ya san muryarsu.

Da ranar kasuwa ta zo, matan suka tsaya cirko-cirko a bakin tsibiri. Madam Simone, shugabarsu, ta dubi tsohon, ta dubi Mas'udu da ya biyo shi cikin jirgin, ta ɗora kwandonta ta shiga, sauran suka bi ta. Mas'udu ya wuce can gaba ya zauna cikin kwanduna, ya juya wa direba baya. Ya rantse ba zai waiga ba. A wurin kututtukan itatuwan da tafki ya cinye, jirgin ya ɗan karkata inda bai kamata ba, sai ya dawo ya ratsa tsakaninsu sumul. A Lagdo ya shiga tsakanin jirage biyu bai goge ko ɗaya ba.

Baba Mahamat ya kashe inji, ya sa takalminsa, ya zo ya tsaya a kan Mas'udu.

"Gobe kada ka zo," ya ce. "Kana cinye mini wurin kwando biyu."

Mas'udu ya ce tun da yake, ba a taɓa korarsa ya ji daɗi irin na ranar ba.

Mun gode, Malam Mas'udu. Useko, kamar yadda maƙwabtanka Fulani ke cewa. Allah Ya sa ka huta lafiya, Ya ba ka haƙurin zama da 'yan atamfa. Ku kuma masu riƙe da sifana a Lagdo da Garwa da Maruwa, ku koyi ƙin abin da zai cuci mutane ko da mai kaya zai yi fushi. Idan kuma kun ƙi, kada ku bar shi shi kaɗai a bakin ruwa. Ku shiga jirgin tare da shi har ranar da zai ce ku sauka.