Kiɗan Da Ya Daina Ratsa Bango

Shagon Mai Agogo ɗakin gaba ne na gidansa, aka fasa masa ƙofa ta waje, aka sa teburi mai gilashi da doguwar kujera da fitila mai lanƙwasa wuya. Tsakanin shagon da ɗakin matarsa bango ɗaya ne, shi ma na katako, an yi masa shuɗin fenti. A jikin bangon nan, bisa wata 'yar kanta, tsohuwar sifikarsa take zaune, baƙa, mai nauyi, da tsaga a gefe ɗaya tun ranar da suka tare a gidan.

Tun yana koyon sana'a bai iya aiki shiru ba. Yakan ce hannun da zai ɗauki ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba sai an ba shi abin da zai jingina da shi, in ba haka ba rawa zai yi. Kuma kowane aiki da kiɗansa. In ya buɗe cikin agogon hannu, busa mai sanyi yake sawa. In canjin batir ne ko maɗauri, sai mai ganga. In kuwa wani ya ɓata masa rai, sai ya ƙure murya har gilashin teburin ya ɗauki kyarma. Matarsa tana ciki ta haddace wannan duka, ba sai ta leƙo ba ta san abin da ke hannunsa da abin da ke ransa. Ita ma tana da amsarta. Da ludayi ko da ƙotar tsintsiya take ƙwanƙwasa bangon. Bugu ɗaya, ya maimaita waƙar. In ta jero bugu, to ya canza, ta gaji da ita. Shi ya sa yake ce mata Sufeto, sunan kuma ya bi ta har maƙwabta suka ɗauka.

Maƙwabcinsa Mai Aski shi ba ruwansa da sifika. In babu kan da zai aske, sai ya kifa abin kunne, irin mai rufe kunnuwa ruf, ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa. Shekara da shekaru suna musu a kan wanne ya fi. Mai Aski ya ce abin kunne ba ya ɓoye maka komai na waƙa, kuma ba ka shiga haƙƙin kowa, ba kamar wani ba da ke raba wa titi kiɗa kyauta har da awakin mutane. Mai Agogo ya ce wanda ke jin waƙa shi kaɗai ba shi da maraba da mai cin nama a bayan ƙofa.

"Kai dai ka faɗi gaskiya, dattijo," in ji Mai Aski, "tsoro kake ka toshe kunne Sufeto ta kira ba ka ji ba, ka kwana a shago."

Wata safiya Sufeto tana shanya ta yanke jiki ta faɗi. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshenta ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi gumi kafin ta fito. 'Yarsu guda ce, suna ce mata Auta ko da yake ba ta da yaya ba ta da ƙanwa. Tana aure a wani gari mai nisa, tana aiki a kantin magani. Tun a asibiti ta ce za ta tafi da uwarta. Wannan maganar ita ce ta hana Mai Agogo cin abinci, fiye da ciwon matar ma. Ya san gidan Auta ƙarami ne, ba shi da wurin zama a can, ya kuma san in aka fitar da matar nan daga gidan ba lalle ta dawo ba. Da aka tambayi Sufeto, sai ta girgiza kai, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna shi.

Auta ta haƙura, amma da sharaɗi. Magani a kan lokaci, a riƙa juya ta, sannan likita ya ce a kiyaye mata hayaniya.

"Baba, wannan sifikar taka ta yi ritaya daga yau," in ji ta, ta cire wayar sifikar ta naɗe.

Bai yi musu ba. A wajen lokaci kuwa ba a koya wa mai gyaran agogo. Yakan rufe murfin abin da yake gyarawa, ya shiga ya ba ta magani, ya juya ta, ya gyara mata matashi, ya komo. Abin da ya gagare shi shi ne shirun. Hantsaki ya fara zame masa. Ƙusoshi suna tsalle suna ɓacewa a ƙasan teburi. Ranar da ya karce fuskar agogon wani malamin makaranta, Mai Aski ya shigo ba sallama ya ajiye masa abin kunne a kan gilashi, ya ce ga nama nan, ƙofa kuma yana da ita, ya ci a bayanta.

Mai Agogo ya bar shi a wurin har bayan azahar, sannan ya sa. Abin da ya ji ya ba shi tsoro. Waƙoƙin da ya ɗauka ya san su ciki da bai, ashe rabinsu ya sani. Yana jin mawaƙi yana jan numfashi kafin ya ɗaga murya, yana jin yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, har wata 'yar ƙararrawa da ke can ƙasa wadda sifikarsa ba ta taɓa furtawa ba. Hannunsa ya tsaya cak, aiki ya komo daidai. Sai dai daɗin ya zo masa da kunya. Ga mace kwance bayan katako ba ta iya ɗaga kofi, shi kuwa yana nan yana shan abin da bai taɓa sha ba sai tare da ita. Don haka duk lokacin da zai shiga wurinta, sai ya cire abin ya tura can ƙarshen aljihun teburi ya rufe. Bai taɓa gaya mata ba, ya kuma roƙi Mai Aski kada ya faɗa.

Sannu a hankali Sufeto ta canza masa. In ya shigo, sai ya tarar da cokalin maganinta a damƙe a hannunta na hagu. Ya zare shi a hankali ya mayar kan faranti, in ya dawo ya sake samun sa a hannunta. Ya ɗauka ciwon ne, don likita ya ce masu irin wannan lalura sukan kama abu su ƙi saki. Wata rana ta daɗe tana kallonsa, bakinta yana kokawa da magana, har ta fitar.

"Kana... nan?"

"Ina zan je, Sufeto? Ina shago, nan bayan kanki."

Ta ƙara kallonsa, sannan ta juya fuska. Daga ranar ta rage cin abinci. Ya yi mata wasa, ya yi lallashi, ya sayo abin da ya san tana so, ta ɗan taɓa ta ture. Ya koma shago da baƙin ciki, ya ce a ransa hankalinta ma ya fara taɓuwa. Baƙin cikin kuma ya sa ya ƙara murya a kunnensa.

Da Auta ta dawo duba ta, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ƙarasawa. Uwar ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Ta zauna gefen gado ta sake yin tambayar da aka yi a asibiti, ko za ta bi ta. Wannan karon Sufeto ta gyaɗa kai. Mai Agogo ya ce ba ta fahimci tambayar ba, a maimaita. Aka maimaita, ta sake gyaɗawa, ba ta dubi inda yake ba. Ya bi Auta tsakar gida yana lissafa mata cewa bai taɓa saɓa lokacin magani ba, ba ta da ko ƙurji a baya, ta duba ta gani. Auta ta ce ta gani, amma ba ita ta yanke ba, mai jikin ce ta yanke.

Washegari da hantsi mota ta zo. Aka kwantar da Sufeto a kujerar baya, direba da Mai Aski suka koma ɗauko katifarta, don ta saba da ita. Da suka janye gadon, Mai Aski ya tsaya yana duban bango. Daidai inda hannunta na hagu yake kaiwa, fentin ya ɓare ya bar wuri kamar faɗin tafi, katakon ya lotsa, duk shaidar bakin cokali. Ya dubi Mai Agogo ya sunkuyar da kai.

Mai Agogo ya shiga shago ya fizgo aljihun teburi har ya faɗo ƙasa, ya fito titi da abin kunnen a hannu, ya durƙusa a ƙofar motar. Magana tana cin karo da magana a bakinsa. Ya ce yana nan, kullum yana nan, wannan abin ne a kunnensa, don kada ya dame ta ya sa shi, kunya ce ta hana shi faɗa. Ya rantse ko sau ɗaya bai ji ba.

Sufeto ta dubi abin, ta dube shi.

"Na zaci... ka gaji."

"Ban gaji ba. Wallahi ban gaji ba. A mayar da ita ciki, Auta. Yanzu zan jefar da shi, in zauna kusa da ita."

Auta ta share ido. Ta ce ta yarda bai yi da gangan ba. Sai dai watanni uwarta tana kira babu mai amsawa, da shaƙewa ta yi a ɗaya daga cikin ranakun nan fa? Ta ce in jiki ya yi ƙwari za a sake magana, yanzu hanya da nisa. Sufeto ta ɗora hannu a kan nasa, ta ɗan matsa, ba ta ce a sauke ta ba.

Bayan damina ya rufe shago ya je ganin ta. Gidan Auta a saman bene yake, ɗaki biyu, ga miji ga yara. Ciwon ya sake taɓa ta a can, 'yar maganar da ta rage ma ta tafi. Ya zauna gefenta yana ba ta labarin maƙwabta, tana kallonsa, bai iya gane ko tana bin sa ba. Da rana ta karkata, Auta ta raka shi tasha. A hanya ya tambaye ta yaushe za a sake maganar da ta ce. Sai da suka tsallaka titi sannan ta ce likita ya hana a sake yin doguwar tafiya da ita, ko a bana ko baɗi. Ya tambaya ko akwai ɗan ɗakin haya kusa da su, ko da shago ne ya riƙa kwana a ciki. Ta ce za ta bincika, amma garin nan ba mai ɗaura agogo sai ɗaiɗai, da me zai riƙe kansa?

Ya ce haka ne. Ta saya masa ruwa da burodi, ta samo masa kujerar bakin taga, ta ce ya kira in ya sauka.