Magatakardan Bakin Kasuwar Maigatari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ilu, amma har gobe in na ji an kira wani mai ofis da kwandishan "magatakarda", sai na yi murmushi. Wanda ni na sani a kan tabarma yake aiki.

Duk ranar Alhamis yakan taso daga Gumel ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin kasuwar Maigatari. Dillalan shanu, direbobi, mutanen Damagaram, kowa ya faɗi saƙonsa, shi kuma ya rubuta, da ajami ko da boko. Kira shi marubuci ka ga ɓacin rai. "Marubuci abin da ke ransa yake rubutawa," in ji shi. "Magatakarda hannunsa aka ara, bakin na wani ne." Ba ya ƙara kalma, ba ya ragewa, ko da zagi ne. Sai dai ba ya naɗe takarda sai ya karanta wa mai ita a hankali, sannan ya tambaya: "Haka ka ce?" Na sha ganin ƙato ya zo yana huci, ya ji maganarsa a bakin Baba, ya sosa ƙeya ya ce a sake.

Yanzu fa? Mutum ya danna waya ya zazzage cikinsa, kafin ya haɗiye yawu saƙo ya tsallaka iyaka. Da Baba na nan, na tabbata ba zai zagi waya ba. Tambaya zai yi, wa ke maimaita wa mutane abin da suka faɗa?

Bana abin ya zo kaina. Mahaifiyata Inna ba ta magana da ƙaninta, Kawu Sale na Sule Tankarkar, tun da ya ƙi zuwa ta'aziyyar Baba. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Da ciwo ya taɓa shi, ya aiko yana son zuwa. Inna ta miƙo mini waya ta ce, "Rubuta masa kada ya tako gidana. Ko gawata ban yarda ya gani ba."

Ƙanwata Hajara tana ta ƙifta mini ido in sassauta. Na ƙi. Ɗan Malam Ilu ba ya sa wa mutum magana a baki. Na rubuta yadda ta faɗa, na karanta mata a hankali.

"Inna, haka kika ce?"

Ta ɗago kai ta dube ni. "Kai! Ni na faɗi wannan, a kan Sale? Goge. Ce masa ya zo ranar Juma'a. Ya fito da wuri, rana ba ta yi masa daɗi."

Baba bai bar gona ba, bai bar littafi mai sunansa ba. Wannan tambayar ya bar mana, kuma ina alfahari da ita. Allah ya jiƙansa. Ranar Juma'ar, tabarmar Baba Inna ta ɗauko da kanta ta shimfiɗa wa Kawu.