Yajin Jegon Mama

Har yau in na ji ƙanshin kimba da kanumfari sai ranar sunan 'yata ta dawo mini. Lokacin ina da shekara ashirin da uku, ban daɗe da gama jami'a a Kano ba. Ni ce irin yarinyar da za ta zauna a jirgin ruwan Staten Island tana kallon ruwa, tana rubuta baituka a bayan takardar cefane. Ni na zaɓi mijina, direban tasi ne, na biyo shi ƙasar waje, unguwar Stapleton a Staten Island, da akwati biyu, tunda ba a ɗoro gado da kujeru a jirgin sama.

Yayarsa, mai shagon kayan miya a Port Richmond, ba ta taɓa yafe mini akwatunan nan ba. Duk taron mata sai ta ce an kawo musu amarya ko cokali babu sai littattafai, ko da su za a tuƙa tuwo. A yi dariya, ni ma in yi murmushi, wai ni mai kawaici. Da hoton asibiti ya nuna mace zan haifa, ta ce wadda ta zo hannu rabbana me za ta haifo musu in ba ƙarin hidima ba. Shi kuwa ya daina raka ni awo. Mutumin da kullum yake ɗaukar likitoci mata a motarsa!

A gidan Yaya aka yi suna. A al'adarmu iyayen mai jego sukan aiko da gara, kayan abinci da su alkaki da yaji, a danƙa wa dangin miji. Yaya ta sanar a gaban baƙi cewa gidanmu ko ƙullin yaji ba su aiko ba, kuma ba ta ga laifinsu ba, wa zai wahala a kan mace. Ina sunkuye sai ƙanshin yajin Mama ya bugo daga kicin, irin nata mai kimba da yawa. Na ce wa kaina kewar gida ce. Har baiti na rubuta a kai, Allah ya shirye ni.

Muna komawa gida mijina ya ce iyayena sun kunyata shi. Ina ba shi haƙuri ya mare ni, jaririya tana hannuna. Daga ranar duka ya zama ruwan dare, kullum zancen ɗaya ne: ba gara, ba namiji. In Mama ta kira, in ce lafiya lau. Kunya ta hana ni tambayarta zancen garar, a zuciyata kuma haushinta nake ji. Wata takwas ina haka, sai ranar da ya hankaɗa ni a matakala da goyo a bayana. Maƙwabciyata, ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, ita ta ɗaga ni. Ta ce in na ga dama in ci gaba da haƙuri da jikina, amma kan yarinyar nan in ya fashe ba shi da sauyi. Ita ta kai ni wurin masu taimakon mata, kuma ban koma gidansa ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ilimina bai hana ni ɗaukar shiru a matsayin tarbiyya ba. 'Yan'uwana mata, wanda ya auna ki da kayan ɗaki ko ya raina abin da kika haifa, ƙarin kaya ba zai gyara shi ba. Ki yi magana tun marin farko, kuma ki tambayi mahaifiyarki abin da kunya ke hana ki tambaya.

Sai bayan shekara huɗu na kai 'yata Kano. Muna shara a tsakar gida Mama ta kawar da kai, ta tambaye ni a hankali ko yajin jegon bai yi mini zafi ba. Ta ce kwana uku ta yi tana dakansa, ta haɗa da alkaki da atamfofin jaririya, jaka biyu, wani matafiyi ya danƙa su a hannun Yaya saura kwana biyu suna.